Zuwa ga masu kula da rabon kuran a Tawa: ku zo ku auna taransifon unguwarmu kafin ya sake ƙonewa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabanni da injiniyoyi da duk ma'aikatan da ke kula da rabon kuran a garin Tawa, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da wannan zafi, Allah ya saka wa yaranku masu hawa poto da tsakar rana da alheri. Ni mai naɗin moter ne, bobinaj ke nan, shekara 17 ina wannan sana'a, kuma ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Mutanen unguwarmu ne sunka zauna bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa, masu injin niƙa da masu walda da teloli da matan da ke saida ƙanƙara da bisap, sunka ce tunda ni ne ke buɗe cikin duk abin da ya ƙone ina ganin ta yadda ya ƙone, to ni zan rubuta a madadin kowa.

Taransifon da ke kan poto a bakin masallacinmu ya ƙone, mun yi kwana 9 cikin duhu, sannan anka kawo sabo anka rataya. Mun gode, wallahi mun gode, ranar har yara sai da sunka yi ihun murna. Amma ina tsaye a wurin daga farko har ƙarshe, kuma abin da na gani shi ya hana ni barci. Wanda ya ƙone mai 160 kVA ne, wato awon ƙarfin da yake iya ɗauka ke nan, wanda anka kawo shi ma 160 kVA, an mayar da kowace waya inda take a da, ba wanda ya fito da abin awo ya duba nawa kowace faz, wato kowace cikin wayoyi uku masu kawo kuran, ke ɗauka, an ɗaure, an kunna, mota ta tashi. Duk abin da ya kashe tsohon yana nan bai motsa ba, an dai ba shi sabo ya fara ci.

Kafin in ci gaba, ku sani ba maganar ƙarancin kuran nake ba. Mun san daga nesa yake zuwa, wani ta layin bolt 132,000 da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa, wani daga tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da anka buɗe a 2018, kuma lokacin da Nijeriya ta yanke layin a watan Agustan 2023 kowa ya yi haƙuri da delestaj don kowa ya san ba daga hannunku ba ne. Wannan dabam. Kukanmu a kan ɗan guntun da ke tsakanin poton bakin masallaci da kontar gidajenmu ne, inda ko kuran ya zo cikakke, a nan yake lalacewa.

Ku kun san aikin fiye da ni, amma ku bari in yi bayani kaɗan saboda 'yan unguwa da za su karanta, don da yawa suna ɗauka taransifo rabo ne kawai, in kwanansa ya ƙare sai ya fashe. Wayoyi 3 da ke can saman poto suna ɗauke da bolt 20,000, kuma an ɗaga shi haka ne don a iya kai ƙarfi mai yawa nesa da ɗan ampar kaɗan, wato yawan kuran da ke gudana cikin waya, saboda ampar ɗin ne ke dumama waya. Cikin taransifo ba abin da ke juyawa, baƙin ƙarfe ne falle-falle da anka jera, an naɗa masa waya gida biyu, naɗin shiga mai zagaye da yawa da naɗin fita mai zagaye kaɗan amma mai kauri, ba su taɓa juna, ƙarfin maganaɗisu ne ke ɗauko kuran daga wannan ya zuba wa wancan, duk suna nutse cikin mai. Ta ƙasa sai wayoyi 4 su fito, faz 3 da nitir, wato wayar da kuran ke komawa ta cikinta. Tsakanin faz da faz bolt 400, tsakanin faz da nitir bolt 230, na tsohon lissafi 380 da 220. Gida na monofaze faz ɗaya ake ba shi da nitir, mai injin niƙa da ni mai tirifaze mu ake ba duka ukun.

Me ya sa uku? Duk wanda ya taɓa ganin mata uku na lugude a turmi ɗaya ya gane. Taɓarya ɗaya na sauka, ta biyu na hanya, ta uku na sama, ba sa karo kuma turmin ba ya hutawa. Haka faz ukun suke, kowace na hawa tana sauka sau 50 a daƙiƙa ɗaya, amma kowace ta ba 'yar'uwarta tazarar kashi ɗaya cikin uku na zagaye, digiri 120 ke nan. Shi ya sa moter tirifaze ke tashi da kansa yana juyawa sumul, kuma shi ya sa in nauyin faz ukun ya zo daidai, abin da ke komawa ta nitir kusan babu, suna kashe juna. Ba sabon ilimi ba ne, tun 1891 anka ja irin wannan layi a Jamus daga Lauffen zuwa Frankfurt, kilomita 175. To duk kyan tsarin ya dogara ne ga abu guda, a raba nauyi daidai, kuma shi ne abin da babu a unguwarmu.

Ga kukanmu na farko, kuma shi ne uwar sauran. Taransifo mai 160 kVA, kowace faz ampar 231 take iya ɗauka, ba a tara su a ce ai jimilla ba ta kai ba. In anka jibga wa faz ɗaya ampar 300, sauran biyu na ɗauke da 100-100, a takarda taransifo bai cika ba, amma naɗin waccan faz ɗin yana dahuwa, don zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ampar, in ampar ya ninka biyu zafi sau 4 yake ninkawa. Ni ba ni da hurumin taɓa kayanku kuma ban taɓa ba, amma kontar shagona tirifaze ce, ina da damar auna abin da ke shigo min. Da asuba in na auna, 229, 231, 232, lafiya lau. Ƙarfe 8 da rabi na dare, lokacin da kowa ya dawo gida, an kunna bantilatar da tele da kilim, sai in samu faz ɗaya 176, ɗaya 221, ɗaya 244. Wannan bayan an sa sabon ne fa, ba da tsohon ba. Kuma na san dalili, duk lokacin da za a haɗa wa sabon gida, wanda ya hau poto wayar da ta fi kusa da hannunsa yake kamawa, ba wanda ya rubuta gida kaza yana faz kaza, shekara da shekaru haka har layinmu na gabas kusan duk ya taru a kan waya ɗaya.

Mutanen da ke kan faz mai 176 su ne ke shigowa shagona kullum. Firigo na son tashi ba ya iyawa, sai ka ji ƙat, ya yi shiru, ya sake gwadawa, ƙat, haka har kwamfaresa ta gaji ta ƙone, saboda moter in bolt ya yi ƙasa ampar yake ƙara ja. Bantilatar na juyawa kamar ba ta so. Mai hali ya sayi istabilizatar, shi ya samu 220 ɗinsa, amma istabilizatar ba ta ƙirƙiro kuran daga iska, daga layin take ƙara zuƙa, sai maƙwabcinsa da ba shi da kuɗin saye ya ƙara faɗawa ƙasa. Su kuma na kan 244 ampul ɗinsu ba ya daɗewa. Mu masu tirifaze mun fi kowa shan wahala, don moter ba ya son bambanci tsakanin faz ko kaɗan, a littafin sana'armu bambancin kashi 3.5 cikin 100 kawai yana ƙara wa naɗi zafi wajen kashi 25 cikin 100.

Na biyu, unguwar ta girma, taransifon bai girma ba. Lokacin da anka fara rataya taransifo a nan, bayan masallaci gonakin hatsi ne, gidajen da ke akwai ampul biyu ne da rediyo. Yanzu kowa ya san yadda Adar take, samari na Abijan na Libiya na ko'ina suna aiko da kuɗi, ana gina siminti, ana sa kilim da kwanjilatar da famfon tura ruwa sama, layin kuma sai ƙara masa tsawo ake poto bayan poto, wanda ke can ƙarshe abin da ya rage yake samu. Ga zafinmu. Ƙarfin da aka rubuta a jikin taransifo an lissafa shi ne a kan iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, da matsakaicin shekara na digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu wuce 40 abin kullum ne, ƙarfen na shan rana tun safe, da dare kuma lokacin da ya kamata ya huce shi ne lokacin da nauyi ya fi yawa. Takardar da ke raba naɗi da naɗi a ciki ita ce ran taransifo, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ta ce in wuri mafi zafi a cikin naɗin ya wuce digiri 98, duk ƙarin digiri 6 yana ninka saurin tsufanta biyu. Ba ya mutuwa rana ɗaya, a hankali takardar ke gasuwa tana zama kamar busasshen ganye, ranar da ta tsage sai mutane su ce ya fashe ba zato. Tsohon ya yi wata da watanni yana gaya mana, kukansa ya canza, mai na tsatsafowa ta gefen murfi yana bin poto har ƙasa ta yi baƙi, mun je mun faɗa ba sau ɗaya ba.

Na uku shi ne nitir, kuma wannan ba zan manta da shi ba har in mutu. Bara, farkon damina, anka yi iska da dare, mahaɗin nitir a poto na uku daga taransifo ya saki, dama ya daɗe yana zafi don shi ke kwasar duk rarar rashin daidaiton nan. In faz ta katse, a gidan monofaze duhu kawai ake yi, amma in nitir ya katse, gidajen da ke faz dabam-dabam sai su zama a jere tsakanin bolt 400, bangaren da ke da kaya masu nauyi ya samu kaɗan, bangaren da ke da kaya marasa nauyi ya sha kusan duka. Ina zaune a tsakar gida sai na ga ampul ya yi wani irin fari kamar rana ta fito, cajar waya ta yi tas, na ruga na sauke disjonktar, na fito titi ba takalmi ina ta ihu a kashe kontar a kashe kontar. Kafin mutane su gane me nake nufi warin ƙonannen roba ya cika layin. Akwai wata baiwar Allah maƙwabciyata, mijinta ya rasu, ɗanta ne ya tara kuɗi a Abijan ya aiko aka saya mata kwanjilatar, da ita take ƙanƙara da bisap da lemun tsamiya tana ciyar da marayu 4. Da safe ta sa yara sunka turo min ita a kura, ta ce Malam duba min ko fizibil ne. Na buɗe, na sa abin awo, na shinshina, na san ta tafi. Na daɗe ina juya sukurdireba a hannu don na rasa ta inda zan fara gaya mata. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi to, Allah ya sa haka ya fi alheri, ta juya. Har yau ba wanda ya zo ya tambayi abin da ya ƙone a daren nan, kuma faktir ɗin watan ya zo kamar yadda ya saba.

Wayar ƙasa da ke saukowa daga taransifo, wadda ya kamata ta riƙe nitir ta kuma kai tsawa cikin ƙasa, a yanke take daidai tsayin mutum, ɓarayin jan ƙarfe sun yi gaba da ita tun tuni, kuma da anka sa sabon taransifo ba a mayar da ita ba. Akwatin da ke ƙasa ba kwaɗo, da igiya anka ɗaure murfin, kuma nan ne 'yan makarantar allo ke zama cin tuwo da dare.

Sai na huɗu, faɗuwar faz ɗaya. Wani dattijo mai injin niƙa a layinmu, moter ɗinsa mai kilowat 7.5 sau 2 ina naɗa shi cikin shekara ɗaya, duka biyun abu guda ne, yana cikin niƙa faz ɗaya ta faɗi daga poto, moter bai tsaya ba, ya ci gaba da ja da faz biyu yana gurnani, cikin ƙarar injin wa zai ji, sai da hayaƙi ya tashi. In na buɗe irin wannan ba na buƙatar a ba ni labari, wani sashe na naɗin ya yi baƙi ƙirin wani sashe na nan da jansa kamar sabo. Duk ranar da injin nan ya tsaya mata ne ke ɗaukar kwanon hatsi a ka zuwa wata unguwa cikin rana, ko su koma turmi, fura ta makara, tuwon dare ya makara.

Ba zan rufe namu laifin ba, don a zaman da munka yi ma an faɗe shi gaban kowa. Akwai gidan da kontar ɗaya ke ba gida 4 ko 5 da siririyar waya ta bisa katanga. Akwai mai walda da ke aiki da babban inji a kan layin monofaze, duk sandar da ya ɗana sai ampul ɗin layin gaba ɗaya ya ƙifta. Akwai masu ɗaura wayar jan ƙarfe a madadin fizibil in ya tsinke, wanda hakan daidai yake da cire wa taransifo mai gadinsa. Duk gaskiya ne. Amma da yawa daga masu jan waya ta katanga sun kai takardunsu na neman kontar sun gaji da jira, kuma muddin ba a rubuce suke ba, nauyinsu na kan taransifo amma ba ya cikin lissafinku.

To ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku turo ma'aikaci da abin awon ampar, ya auna faz ukun da nitir a bakin taransifo, kuma don Allah ba da hantsi ba lokacin da kowa ya fita, tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, a kwana uku dabam-dabam. Ya kuma auna bolt a gidan ƙarshe na kowane layi. In awon ya nuna abin da nake gani a shagona, a sake rabon gidajen a kan faz ukun, wannan aikin tsani ne da mahaɗai da kwana biyu, ba ya buƙatar a jira kaya daga waje, kuma a rubuta lambar faz a jikin kowace kontar yadda duk wanda zai haɗa sabon gida gobe zai san inda ke da sauƙi.

In bayan an daidaita har yanzu ampar na kusa da 231, a ƙara taransifo na biyu a bangaren gabas a raba layin gida biyu. Mun fi son wannan a kan a kawo babba ɗaya, don ko an kawo mai 400 kVA, mutumin ƙarshen layi ba zai ga canji sosai ba tunda a doguwar waya bolt ɗinsa ke zubewa. Kuma kar a ce za a murɗa maɓallin ƙara bolt da ke jikin taransifo a bar shi haka, abin da yake ƙarawa kashi 2.5 ne ko 5 cikin 100, ba zai kai mai 176 ko'ina ba, sai dai ya tura mai 244 gaba. Mai unguwa ya ce fili na nan, an riga an yi magana da mai shi.

Kafin ruwan farko ya sauka, a bi mahaɗan nitir poto-poto a canza waɗanda sunka yi baƙi, a mayar da wayar ƙasa a rufe ta cikin bututu yadda ɓarawo ba zai kai gare ta da sauƙi ba, a duba abin kare tsawa, a sa fizibil daidai da ƙarfin taransifo, a sa wa akwatin kwaɗo. Mu kuma mun ɗauki alkawarin sa ido, matasan fada da ke kwana a wurin sun yarda.

A buɗe ƙofa ta wata ɗaya ko biyu ga masu jan waya ta katanga su zo su yi rajista a ba su kontar ba tare da tsoron tara ba, a kuma taimaka wa masu walda da masu injuna su koma tirifaze. Ni a nawa bangaren duk moter da ya fita daga shagona daga yau sai na matsa wa mai shi ya sa abin da ke yanke kuran in faz ta faɗi, kuma kuɗin ɗaurawa ba zan karɓa ba.

Sannan a gaya mana a fili, a rubuce, ina mutum zai kai kuka in nitir ya katse daga layi ya ƙona masa kaya, wace takarda zai kawo, cikin kwana nawa. Mun rubuta sunayen gidajen da abin ya shafa bara da abin da kowa ya rasa, takardar na hannun mai unguwa, kwamfaresar baiwar Allahn nan kuma tana nan a shagona ban jefar ba, duk wanda kunka turo zai iya buɗe ta ya gani da idonsa.

Muna jiran amsarku, ko ta takarda ko ku sa mana rana mu zo mu uku da mai unguwa. In kuma ma'aikacin zai zo awon dare, a sanar da mu tun da rana, za mu tanadi fitila da masu riƙe masa tsani, ni kuma zan zagaya da shi gida-gida har ƙarshen layin gabas.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ma'aikatanku a kan poto.

Wassalam,
Mai naɗin moter, a madadin mazauna unguwarmu, Tawa.